Yaushe Ake Rage Ƙyallen Jirgi Idan Iska Ta Yi Ƙarfi?

Lacca ce da wani tsohon sojan ruwa ya yi wa matasa a Katsina, an rubuto ta daga faifan da aka ɗauka.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da iyayena da ke nan gaba, da ku 'ya'yana, barkanku da yamma.

An ce in yi magana a kan ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, mai doguwar sanda a tsaye da ƙyalle a ɗaure, irin wanda ake koyon tuƙi da shi a Legas. Na san wani zai ce, ina Katsina ina teku? To, da yawa cikinku sun gaya mini aikin ruwa suke so, soja ko jirgin 'yan kasuwa. Ruwan ma ai ba mu rasa ba, ga Zobe a Dutsin-Ma, ga Jibiya, ga Sabke ta wajen Daura. Iskar da ke kifar da jirgi a teku ba ta jin kunyar kifar da shi a dam.

Rage ƙyalle shi ne ka sassauto shi daga saman sanda, ka tattare abin da ya sauko ka ɗaure, iska ta samu ƙaramin wurin bugu. Kun ga yadda mai babbar riga ke naɗe hannayenta ya ɗora a kafaɗa in iska ta taso? To, shi ke nan. Aikin ba shi da wuya. Lokacin yin sa ne ake kuskurewa, kuma abin da na zo in faɗa ke nan: ana ragewa tun jirgi bai nemi a rage ba. Da zarar zuciyarka ta raya maka, lokaci ya yi.

Dalili yana cikin lissafi, ku riƙe shi da kyau. In gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take danna ƙyalle da shi sau 4 yake ninkawa. Iskar da ke gudun kilomita 20 a awa, in ta kai 28, a fuskarka ɗan ƙari kawai za ka ji, amma nauyin da ke kan ƙyalle ya kusan ninkawa. In ta kai 40 ya zama ninki 4. Ga shi iska ba ta tafiya bai ɗaya, takan kwanta ta sake bugowa. Bugun nan shi ke kayar da jirgi, don haka da shi ake lissafi, ba da iskar da ke tsakanin bugu da bugu ba.

A 1805 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin iska da har yau ake aiki da shi, daga mataki na 0 zuwa na 12. Ina son ma'aunin nan saboda ido kawai yake buƙata. A mataki na 4, wato kilomita 20 zuwa 28 a awa, ƙura na tashi, takarda na yawo a ƙasa, ƙananan rassa na motsi, a ruwa kuma farin kumfa na yawan fitowa a kan igiyar ruwa. Na 5, kilomita 29 zuwa 38, ƙananan bishiyoyi na rangaji, kumfa ya cika ko'ina. Na 6, kilomita 39 zuwa 49, manyan rassa na kaɗawa, wayar lantarki na fito, lema ba ta riƙuwa. Galibin ƙananan jirage a ƙarshen na 4 ko farkon na 5 suke son ragin farko. A na 6 ana ragi na biyu, sabon matuƙi kuwa ya zauna a gaɓa.

Amma jirgin da ke ƙarƙashinka ya fi kowane ma'auni gaskiya. In ya karkata gefe ya wuce digiri 20 zuwa 25 ya ƙi tashi, har ruwa na lasar bakinsa, ƙyalle ya yi yawa. In kana jan sitiyari da ƙarfi shi kuma yana neman juya goshinsa cikin iska, ya yi yawa. In dole sai ka riƙa sakin igiya ƙyalle na kaɗawa kafin jirgi ya miƙe, ya yi yawa. Sannan ka dubi fuskokin waɗanda ka ɗauko. In sun daina hira kowa ya kama abin da ke kusa da shi, wannan ma alama ce, kuma ni ina ba ta nauyi sosai, domin amana ce a hannunka.

A nan nake so matasa su saurare ni. Saurayi yana ganin rage ƙyalle tsoro ne, yana ganin gudu zai rasa. Wallahi ba haka ba ne. Jirgin da ya kwanta a gefe yana zamewa ne, sitiyarin da ka karkatar yana ja masa birki a cikin ruwa. Rage masa ƙyalle ya miƙe, sau da yawa gudunsa bai ragu ba, wani lokaci ma ya ƙaru, hannunka kuma ya huta.

Akwai wani tarko da ke cin ƙwararru ma. In iska na bayanka, kana gudu tare da ita, ba ka jin ainihin ƙarfinta. A ce tana kilomita 35, jirginka na 10: abin da kake ji 25 ne, jirgi a miƙe, kowa na dariya. Ka juyo za ka koma gida ka fuskance ta, sai ta haura 40 a jikin ƙyalle, nauyi ya kusan ninki 3 cikin ɗan lokaci. Saboda haka kafin ka juya ka waiwaya ka dubi ruwan da ke bayanka.

Yadda ake yi, a taƙaice. Ka karkato goshin jirgi wajen iska, ka sassauta igiyar da ke riƙe ƙyalle ya huce, ka tallafi sandar kwance, wadda ƙasan ƙyalle ke ɗaure a jikinta, kada ta faɗo kan mutane. Ka sauke igiyar sama, wato mai ɗaga ƙyalle, zuwa zobban ragi da ke jikin ƙyallen gaba da baya, ka maƙala zoben gaba, ka sake ɗame igiyar sama, sannan ka ja ta baya har ƙyalle ya shimfiɗe ba tumbi. Kowa da rigar ceto a jikinsa. Ku koyi wannan a ranar da ruwa ya kwanta, ku maimaita har hannu ya haddace. In tun a gaɓa kana shakka, ɗaure ragin a can, tun ran gini tun ran zane. Kwance ragi a tsakiyar ruwa abu ne mai sauƙi, ɗaure shi jirgi na tsalle kuwa wahala ce da haɗari.

Na ga hannu a baya. Faɗi, ɗana.

"Baba, to in hadari ne ya haɗo fa?"

Madalla, Allah ya yi maka albarka. Wannan ku Katsinawa kun riga mutanen teku da yawa saninsa. A farkon damina, wajen Mayu da Yuni, hadari daga gabas yake tasowa, gari ya yi tsit, sai iska mai sanyi da ƙura ta riga ruwan isowa. Iskar nan ta gaba ita ce mai kwashe rufin kwano, kuma ba hawa take mataki mataki irin ta hunturu ba, a lokaci guda take sauka. Ba a yi mata ragi. Da ka ga gabas ta yi baƙi, in gaɓa na kusa ka nufe ta. In ba za ka kai ba, sauke ƙyallen gaba ɗaya ka ɗaure shi tam, mutane su zauna ƙasa a tsakiyar jirgi, in ruwan ba zurfi ka jefa anka, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi, goshi ya fuskanci iska, ka jira ta wuce. In akwai tsawa, kada kowa ya jingina da sandar tsaye.

An kira sallah. Sauran tambayoyi sai mun idar, in sha Allahu.