Kifi da Soyayyen Dankali: Yadda Yake Canza Kama Daga Landan Zuwa Cape Town

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Duk wanda ya taka ƙasar Birtaniya sai an ce masa ya ɗanɗani abincin da suke kira fish and chips, wato soyayyen kifi da soyayyen dankalin turawa. Matafiya da yawa sukan ci sau ɗaya a Landan, a shagon da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, su dawo gida su ce ai sun san shi. Iri ɗaya kawai suka ci daga cikin iri-iri. Kifin yakan canza daga gari zuwa gari, man suyar ma haka, har abin da ake yaryaɗawa a kai.

Asalin haɗin ba shi da wuya. Ana yanka tsokar farin kifi, a cire ƙaya, a tsoma a cikin ƙullun fulawa mai ɗan ruwa-ruwa, kamar ƙullun fanke amma bai kai shi kauri ba, a saka a mai mai zafin da ya kai wajen digiri 180. Nan take ƙullun zai ƙame ya zama ɓawo, ya rufe kifin ruf. A ciki kuwa ruwan jikin kifin ne ke tafasa, tururinsa ya dafa shi. Shi ya sa idan mai suyar gwani ne, waje yana ƙaras-ƙaras, ciki fari fat mai laushi, babu mai a jikinsa. Idan ka gutsura ka ji mai ya jiƙa tsokar, to man bai yi zafi ba aka saka.

Soya kifi cikin fulawa Yahudawan da suka baro Sifen da Fotigal ne suka kawo shi Ingila. Haɗa shi da dankali a shago ɗaya kuma ya faro a wajajen 1860. Mutanen Landan suna cewa Joseph Malin ne ya fara a gabashin birnin, mutanen Lancashire kuma suna cewa John Lees ne a garin Mossley a 1863, har gobe ba a raba gardamar ba. Abin da ya baza shi ko'ina shi ne jiragen kamun kifi masu injin tururi da layin dogo, domin kifin da aka sauke a bakin teku da asuba yakan isa garuruwan masaƙu da ma'adinai kafin ya lalace. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 shagunan sun kai kusan 35,000. A yaƙin duniya na biyu, da gwamnati ta ƙayyade wa kowa nama da sukari da man shanu, ba ta sa wannan abinci cikin ƙayyadewar ba.

A Landan da kudancin Ingila, idan ka ce a ba ka kifi ba ka faɗi suna ba, cod za a miƙo maka, mai tsoka manya-manya da ɗanɗano mara ƙarfi, kuma yawanci da man girki na tsirrai aka soya. Hau jirgin ƙasa ka nufi arewa, ka sauka a Yorkshire, sai labari ya sha bamban. A garuruwa irin su Leeds, haddock ne a gaba. Ya fi cod ƙanƙanta, tsokarsa ta fi laushi, yana da ɗan zaƙi, ana gane shi da baƙin layin da ya ratsa gefensa. Shaguna da yawa a can kuma da narkakken kitsen shanu suke suya, wato kakide. Tun daga bakin layi za ka ji ƙamshin. Dankalin yakan fito da duhu-duhu, da ɗanɗanon nama a bayansa, kuma mutumin Yorkshire zai rantse maka cewa wanda aka soya da man tsirrai ba komai ba ne. A gefe za a ɗora maka koren wake da aka dafa har ya farfashe ya yi kauri, sannan a tambaye ka ko kana son ɓarɓashin ƙullun da ya zube a cikin mai, wanda bisa al'ada kyauta ake bayarwa.

A nan akwai abin lura ga Musulmi matafiyi. Kifi halal ne, dankali halal ne, amma kakiden daga shanun da ba a san yadda aka yanka su ba yake fitowa. Wasu wuraren kuma, musamman gidajen cin abincin da ke haɗe da mashaya, da giya suke kwaɓa ƙullun don ya yi sakayau. Akwai kuma shagunan da ke soya tsiran alade a kasko ɗaya da kifi. Tambayoyi uku ne za su raba ka da shakka: da wane mai kuke suya, da me kuka kwaɓa ƙullu, kuma kaskon kifi daban yake? Ba abin jin nauyi ba ne, sun saba da tambayar. A birane irin su Bradford da Birmingham ma shagunan Musulmi suna da yawa.

Wani abin mamaki game da rabuwar cod da haddock shi ne, da can dalilinta a fili yake, kowane yanki yana cin abin da jiragensa suka fi saukewa. Yanzu mafi yawan kifin da ake soyawa a Birtaniya daga ruwan Iceland da Norway da tekun Barents yake zuwa, a daskare tun cikin jirgi. Mai shago a Landan zai iya sayen haddock, na arewa zai iya sayen cod. Amma harshe ya riga ya saba, kowa ya riƙe na iyayensa.

Idan ka ƙetara zuwa Scotland, haddock ɗin ne dai, amma rigimar ta koma kan abin da ake zubawa. A Glasgow gishiri da ruwan khal ne, kamar sauran ƙasar. A Edinburgh, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, mai shago zai tambaye ka, gishiri da miya? Miyar nan ruwan ƙasa ce, irin wadda ake haɗawa da tumatir da dabino da tsamiya da kayan yaji, aka tsinka ta da ruwan khal har ta yi ruwa. Tana da tsami da ɗan zaƙi, tana ratsa dankalin har ƙasa. Baƙo yakan yamutsa fuska a loma ta farko, ni kam ina ganin ta fi ruwan khal zalla dacewa da haddock, don tsamiyar tana kashe maiƙon ba tare da ta danne kifin ba. Da yawa daga cikin tsofaffin shagunan Scotland kuwa 'yan Italiya ne suka kafa su, da dama daga garin Barga na yankin Tuscany, har ta kai a garin nan ana bikin kifi da dankali duk shekara da bazara.

Amma wanda ya fi cancanta a yi masa tattaki yana nahiyarmu, a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Je ka tashar masunta ta Hout Bay ko Kalk Bay, za ka ga suna biyu a allo, hake da snoek. Hake ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne kifin da ake sayarwa a daskare a kasuwannin Najeriya da sunan panla. Baƙi sukan zaɓe shi saboda fari ne, ba ya da ƙaya da yawa. Idan ka tsaya a kansa, ka ci abu mai daɗi, amma ba ka ci na garin ba.

Snoek dogon kifi ne siriri mai kaifin haƙori, yakan kai mita ɗaya, yana rayuwa a ruwan sanyin da ke bin gaɓar yammacin ƙasar. Masunta suna kama shi da ƙugiya da zare daga ƙananan jirage, an fi samunsa lokacin hunturunsu, wato tsakiyar shekara. Tsokarsa tana da mai, tana da ƙarfi, ɗanɗanonta ba ya ɓuya a bayan ƙullu, kuma yawanci da gishiri-gishiri saboda ana barbaɗa masa tun a bakin ruwa. Shekaru aru-aru shi ne naman talakan Cape, har da al'ummar Musulmin da kakanninsu Turawan Holan suka kawo bayi da fursunonin siyasa daga Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka. Shi ya sa shagunan kifi da yawa a birnin na Musulmi ne, da takardar shaidar halal a manne a bango. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Birtaniya ta shigo da snoek na gwangwani da yawa don rage ƙarancin abinci, mutanenta suka ƙi shi ƙememe. Na gwangwani aka ba su, ba su taɓa cin wanda aka soya da ɗanyensa ba.

Dankalin Cape ma daban ne, slap chips suke ce masa. A Turai ƙaras-ƙaras ake nema, a nan laushi ake so. Ana yanka shi da kauri, a soya har ya nuna ba tare da ya ƙame ba, a kwarara masa ruwan khal da gishiri, a naɗe a takarda da zafinsa, tururi ya ƙarasa sauran aikin. Wanda bai sani ba zai ɗauka kuskuren mai suya ne. Da gangan ne, domin laushin dankalin da tsaminsa su ne ke tare ƙarfin snoek. Daga irin wannan shago ne ma, a unguwar Athlone a 1976, wani mai sayar da kifi mai suna Rashaad Pandy ya cusa dankalin cikin burodi tare da nama da wani haɗin yaji mai tsami da suke kira atchar, aka sami Gatsby, wanda yanzu ake yi da dogon burodi, mutum uku ko huɗu su raba ɗaya.

Idan an miƙo maka snoek, ajiye cokali mai yatsu. Ƙayoyinsa dogaye ne, wasu sun kai tsawon yatsa, amma saboda girmansu ba sa ɓuya. Buɗe tsokar da hannu, ka zare su ɗaya bayan ɗaya kafin ka kai baki, kuma idan da yaro a tare da kai, kai za ka gyara masa nasa. Duba tsokar kuma, ta kasance a ɗaure, tana rabuwa sala-sala. Wani lokaci akan sami wanda namansa ya saki ya yi laɓo-laɓo tun kafin a dafa, masunta suna ce masa pap snoek, kuma suya ba ta gyara shi. Idan irinsa aka ba ka, mayar wa mai shago ka nemi wani yanki.