Tseren Keke da Zargin Ƙwaya: Wa Ke Kama Mai Maguɗi?

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, iyayena da 'yan'uwa, barkanmu da yamma. An ce na baya ba sa ji sosai, to zan ɗaga murya.

Da aka ce in yi magana a kan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, wani aboki ya ce in ɗauko ƙwallon ƙafa, ita mutane suka sani. Na ce masa keke zan ɗauko, domin babu wasan da aka tona wa asiri irin tseren keke. A can ne aka ga allura, aka ga jini a firji, aka ji masu laifi sun faɗa da bakinsu.

Gasar da ta fi kowace girma ita ce Tour de France, wadda aka fara a 1903. Zango 21 ake yi a cikin mako uku, tafiyar kilomita kusan 3,500. Ku ɗauka mutum ya tuƙa keke daga Kano zuwa Legas, ya dawo, ya sake komawa, har da 'yan kai, kuma a hanyar akwai duwatsun da mota ma sai ta yi nishi. Aiki irin wannan, tun ran gini tun ran zane mutane suka fara neman abin da zai dafa musu. A 1924 wasu 'yan gida ɗaya masu suna Pélissier suka nuna wa wani ɗan jarida hodar iblis da ƙwayoyin da suke tafe da su. A ranar 13 ga Yuli 1967 Tom Simpson, ɗan Birtaniya mai shekara 29, ya faɗi a kan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, bai tashi ba. An sami ƙwayar amfetamin da giya a jikinsa.

Amma duk wannan somin taɓi ne idan aka kwatanta da EPO. Nan zan ɗan daɗe, domin wanda bai gane EPO ba, ba zai gane sauran labarin ba.

EPO sinadari ne da ƙoda take yi, shi ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, su kuma su ke dakon iskar oksijin zuwa tsoka. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara haɗa shi a masana'anta saboda masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa. Magani ne na gaske, yana ceton rai. To sai likitocin 'yan keke suka ce, idan mara lafiya yana samun jini da shi, mai lafiya fa? Amfetamin yana ɓoye maka gajiya ne kawai. EPO kuwa injin yake canza maka. Ƙato mai nauyi wanda da sai dai ya bi ayari a kan dutse, sai ga shi yana wuce sirara. Kuma kusan shekara goma babu gwajin da ke gano shi. Illarsa, jini yakan yi kauri, har ana ba da labarin masu sa agogo ya tashe su da tsakar dare su motsa jiki, don tsoron kada zuciya ta tsaya suna barci.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da ta rasa yadda za ta yi, sai a 1997 ta ce duk wanda jajayen ƙwayoyin suka haura kashi 50 cikin ɗari na jininsa, ya je ya huta mako biyu. Ku lura, ba ta ce ya yi laifi ba. Me kuke tsammani ya faru? Kowa ya nemi ɗan injin auna jini, ya tsaya a 49. (Dariya.) Dokar ta koma kamar an ce a yi sata amma kada a wuce mudu guda. Bjarne Riis ɗan Denmak, wanda ya ci gasar 1996, laƙabinsa ma Mai Kashi Sittin. A 2007 ya fito ya amsa cewa da EPO ya ci.

To ga tambayar da na zo da ita yau: wa ya kama su?

A Yulin 1998, ana saura kwana uku a fara gasa, jami'an kwastan na Faransa suka tsayar da wata mota a kan iyakar Beljiyam. Direbanta Willy Voet, mai yi wa 'yan ƙungiyar Festina tausa da hidima. A cikin motar akwai ɗaruruwan kwalaben EPO da sauran allurai. Aka kori ƙungiyar dungurungum, 'yan sanda suka shiga otel-otel, kuma wannan abin kunya ne ya haifi WADA, hukumar yaƙi da ƙwaya a wasanni ta duniya, a 1999. Kwastan ke nan, ba ɗakin gwaji ba.

A 2006 'yan sandan Sifaniya suka kai samame wurin wani likita, Eufemiano Fuentes, a Madrid, suka tarar da jakunkunan jini kusan 200 a cikin sanyi. Dabarar ita ce a ɗebi jininka a ajiye, jiki ya maye gurbinsa, sai ana tsakiyar gasa a mayar maka. Jininka ne, me za a gano a fitsari? An rubuta wa jakunkunan sunayen ɓoye, wasu ma sunayen karnukan masu jinin ne. 'Yan sanda ke nan. A 2019 aka sake kama wani likita a garin Erfurt na Jamus yana irin wannan sana'a, nan ma 'yan sanda ne, bayan wani ɗan wasa ya yi magana a talabijin.

Sai uban tafiyar, Lance Armstrong. Ba'amurke ne, ya warke daga ciwon daji, ya dawo ya ci Tour sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: an gwada ni sau ɗaruruwa, ba a taɓa kama ni ba. Ko wannan ma da gyara, domin a 1999 an ga kotizon, maganin da ba a yarda ɗan tsere ya yi amfani da shi ba sai da takardar likita, a fitsarinsa, aka rubuto takardar likita aka mayar da kwanan wata baya. Abin da ya fi damuna a labarinsa shi ne yadda ya yi da masu faɗin gaskiya. Christophe Bassons, wani matashi Bafaranshe da ya ƙi allura kuma ya yi magana, an ƙaurace masa har ya bar gasar 1999 tana tsakiya. Emma O'Reilly da ta yi masa aikin tausa, ya ci mutuncinta a bainar jama'a. Jaridar Sunday Times ya maka ta kotu, ta biya shi kuɗi. Wa ya kayar da shi? Abokan tafiyarsa, irin su Floyd Landis da Tyler Hamilton, da suka ba da shaida. Da ɗan gari akan ci gari. A Oktoban 2012 aka ƙwace nasarorin bakwai, a Janairun 2013 ya amsa laifinsa a gaban Oprah Winfrey, mai shirin hira a talabijin na Amurka. Kuma UCI ba ta ba kowa kambun ba. Ku duba jerin zakarun gasar, shekara bakwai babu suna, domin na biyu da na uku ma akasarinsu da kashi a gindinsu.

Kada a ce na ce gwaji ba ya kama kowa. Ya kama Landis a 2006, ya kama Alberto Contador a 2010, wanda ya ce a nama ya ci abin. Daga 2008 kuma aka shigo da abin da ake kira fasfon jini: a riƙa auna jinin mutum shekara da shekaru, in ya yi tsalle ba dalili a tuhume shi ko ba a ga magani ba. Wannan ya rage ɓarna ƙwarai. Amma manyan gidajen maguɗin, daga waje aka fasa su.

Akwai kuma abubuwan da ke bakin iyaka. Tramadol, wanda mu nan ba sai an yi mana bayaninsa ba, mun ga abin da ya yi wa matasanmu, 'yan keke sun daɗe suna sha don kashe zogi kafin UCI ta hana shi a 2019, kuma a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana ɗan Kolombiya a 2022. Har ɗan injin lantarki an taɓa samu ɓoye a cikin ƙarfen keke, a 2016. Wannan zan wuce shi.

Mu zo yau. A Yulin 2024 Tadej Pogačar ɗan Sulobeniya ya hau dutsen Plateau de Beille, ya karya tarihin da Marco Pantani ya kafa a 1998 da fiye da minti uku. Pantani fa, wanda daga baya aka sake gwada fitsarinsa na waccan shekarar aka ga EPO. Dole mutane su ɗaga gira. Masu kare 'yan yau suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: kekuna sun fi yanka iska, tayoyi sun fi gudu, ana zuwa a zauna makonni a kan duwatsu masu tsawo don jiki ya ƙara jini da kansa, kuma yanzu mahayi yakan ci giram 100 ko fiye na sukari a kowace awa yana kan keke, abin da na da ba su yi. Pogačar ba a taɓa kama shi da komai ba, babu mota a kan iyaka, babu jakar jini, babu abokin tafiyar da ya ba da shaida.

Masu zargi kuma suna cewa, wannan bayanin mun taɓa jin irinsa. A zamanin Armstrong ma cewa aka yi saurin juya feda ne da sabon salon atisaye. Sannan da yawa daga cikin manajoji da daraktocin ƙungiyoyin yau, mutanen wancan zamanin ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Ni a nawa ganin, mai tambaya yana da haƙƙi, wasan ne da kansa ya saya wa kansa wannan zargi. Amma agogo ba shaida ba ne. Saurin mutum ba ya isa a ce masa ɓarawo, mu da muka tashi da jin cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na tuna 2015 da wani ɗan kallo ya watsa wa ɗan tseren Birtaniya Chris Froome fitsari yana kan keke, saboda zargin ƙwaya. Wannan ba neman gaskiya ba ne, rashin tarbiyya ne. A ɗaya ɓangaren kuma, duk wanda ya ce min "ba a taɓa kama shi ba" a matsayin ƙarshen magana, zan tuna masa wanda ya fi kowa faɗin wannan jimlar.

Abu ɗaya da ya canza, yanzu doka ta ba da damar a ajiye jini da fitsarin da aka ɗauka har shekara goma, a sake gwadawa idan an samu sabuwar dabara. Ke nan kwalaben da aka cika a Yulin 2024 ana iya buɗe su har zuwa 2034.

Na ga an miƙo min takarda cewa lokaci ya ƙure. Malam na gefen taga, tun ɗazu hannunka yake sama, bismillah.