Ofdet ɗin manhajar lasifikar gida: a danna ko a bari tukuna?

To jama'a barkanmu da warhaka. Kana zaune lasifikokin gida suna ta aiki lafiya lau, sai ga saƙo ya faɗo a kwamfuta wai akwai sabon ofdet na manhajar da kake sarrafa sautin da ita. Yawanci ko karantawa ba ma yi, sai dai mu danna kawai.

Ofdet ɗin nan fa kala biyu ne. Akwai na manhajar da ke kan kwamfutarka, akwai kuma na famwaya, wato manhajar da ke zaune a cikin lasifikar ita kanta. Na kwamfuta in ya ba ka ciwon kai sau da yawa za ka iya cire shi ka mayar da tsohon, matuƙar ka ajiye fayil ɗin. Na famwaya kuwa galibin kamfanoni ba sa bari a koma baya, in ya shiga ya shiga kenan, kuma abin haushin wani lokacin sabuwar manhajar ce za ta tsaya kai da fata sai ka sabunta lasifikar kafin ta yarda ta yi aiki da ita, ka ga kenan dannawa ɗaya ta jawo maka guda biyu.

Masu lasifikokin kamfanin Sonos sun ga wannan da idonsu. A watan Mayun 2024 kamfanin ya saki sabuwar manhajar waya, mutane suka wayi gari ba saitin alam, ba saitin da ke kashe waƙa in ka yi barci, waƙoƙin da suka tara a kwamfutarsu ma neman su ya zama aiki. Surutu ya yi yawa har shugaban kamfanin Patrick Spence ya fito ya ba da haƙuri a watan Yuli, zuwa Janairun 2025 ya sauka daga kujerar. Tun 2020 ma da suka raba tsarinsu gida biyu, S1 da S2, wasu tsofaffin lasifikokin ba sa hawa sabon, wato S2.

Amma fa kar wani ya ce na hana ofdet, a'a. Lasifikar da ke kan wayfay ɗin gidanka kwamfuta ce ƙarama, wata ma har da makirfo, in ofdet ɗin na toshe kafar da masu kutse za su bi ne to wallahi kar ka ja lokaci. Haka in wata matsala ce ta dame ka kamar yankewar sauti, ka kuma ga sun rubuta sun gyara ta, danna abinka.

In kuwa bayanin ya ce sabon fasali ne kawai da sabbin launuka, ni dai jira nake ba da shawara, sati ɗaya ko biyu, ka leƙa ka ga me masu irin lasifikarka suke cewa. Ka kashe ofdet mai yin kansa in akwai wurin kashewa. Ka ɗauki hoton saitinka na bes da sauransu don wani ofdet ɗin yana sharewa. Ranar da kake da baƙi ba ranar gwaji ba ce.

In ka fara na famwaya kar ka kuskura ka zare wuta har sai ya gama, yankewa a tsakiya na iya sa na'urar ta ƙi tashi. Masu Windows kuma, in direban sauti, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar sautin, shi ne ya rikice bayan ofdet, ku shiga Device Manager ku buɗe na'urar sautin, akwai maɓallin Roll Back Driver da zai mayar da na da.