Tsamin jini ba a ganin sa da ido

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

Makon jiya wani matashi a unguwarmu ciwon haƙori ya hana shi barci, ya yi ta haɗiyar asfirin da farasitamol har ya ƙarar da kati-kati. Da amai da haki suka taso, aka ɗura masa madara da manja. A asibiti likita ya rubuta gwajin jini, sai kawunsa ya ce a bar zancen, a sa masa ƙarin ruwa kawai, wai gwaji hanyar tatsar talaka ce. Maganar nan ta tsaya min a rai.

Jini yana da ma'aunin tsami da ake kira pH, mai lafiya nasa tsakanin 7.35 ne da 7.45, in ya sauka ƙasa da haka jini ya yi tsami ke nan. Dubi ƙanƙantar tazarar. Asfirin in ya wuce ƙima sai numfashi ya yi sauri, kunne ya riƙa ƙara, asid ya taru a jini. Ƙarin ruwa barkatai ba ya gaya wa kowa inda aka kwana. Sai an ɗebi jini an auna pH da bikabonet, wato sinadarin da ke rage tsamin jini, da yawan maganin, sannan likita ya san ko bikabonet zai sa ta jijiya, ko lamarin ya kai ga wankin ƙoda. A ɗebi jini, jama'a!

Farasitamol kuwa ya fi iya yaudara. Babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wanda ya zarce yakan wuni garau yana hira, dangi su ce ai ya warware, sai a kwana na biyu ko na uku hanta ta fara gazawa, ido ya yi shawara. Ana auna farasitamol a jini awa 4 bayan sha, makarinsa kuma, asetilsistin, ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Tun 1989 likitocin asibitin King's College da ke Landan suka nuna cewa in pH ya sauka ƙasa da 7.3 duk da ƙarin ruwa, an shiga batun dashen hanta. Dashen hanta fa! Kawu, nawa ne kuɗin gwajin?

Na sani, na'urar auna pH ba kowane asibiti ke da ita ba, kuɗi kuma ya yi wuya. To, sai me? Gwajin ƙoda da gishirin jini da ake yi a manyan asibitoci yana nuna bikabonet. Inda babu, a nemi takardar turawa gaba nan take, kada a tsaya jiran yamma.

Haka nan mai tiramadol da numfashinsa ya yi sanyi, shi ma jininsa na tsami, ba barci yake ba. A bar madara da manja. A kwashi fankon katin maganin a tafi da shi, a gaya wa likita ƙarfe nawa aka sha, a miƙa hannu a ɗebi jini.