Wane Injin Samfefa Ya Kamata Kafinta Ya Saya?

Assalamu alaikum, kafintoci da masu gyaran kwale-kwale. Ku ɗauki misalin wani katakon madaci da aka goge. Da hannu ka shafa shi sumul yake, amma da aka zuba masa banish sai ga zane kamar sawun maciji ya fito a kansa. Aikin giranda ke nan, injin nan na masu walda da yawancin shagunanmu a Gombe suke ɗaura wa faifan samfefa. Giranda mai faifan milimita 115 yana juyi kusan sau 11,000 a minti ɗaya, kuma hanya guda yake bi. Ƙarfe aka yi shi dominsa. A kan katako yakan ƙona, ya yi rami, ya bar tabon da sai an yi fenti yake bayyana, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

To, injinan da aka ƙera don goge katako iri uku ne za ka fi samu a kasuwa.

Na farko mai bel. Samfefarsa zagaye take kamar ɗamara, tana gudu a kan ƙafafu biyu. Wannan shi ne ƙaton cikinsu. Makita 9403, misali, bel ɗinsa milimita 100 ne a faɗi, 610 a tsawo, yana cin wat 1,200. In katako ya zo da sawun zarto, ko an haɗa alluna biyar don saman tebur ɗaya ya ɗara wani, shi ne zai daidaita su cikin mintuna. Amma ba ya yafiya. Ka tsayar da shi wuri guda na daƙiƙa uku, ya haƙa maka kwari. Ka ɗora shi a kan filawud, ya cinye fatar saman, wadda sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba, sai ka ga baƙin gam ya leƙo. A bi da shi tsawon jijiyar katako, a kunna shi kafin ya taɓa aiki, a kuma duba kibiyar da ke bayan bel ɗin, domin in an saka shi a juye mahaɗarsa takan ɓalle.

Na biyu ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, wanda karkarwa kawai yake yi. Wat 200 ya ishe shi. Alherinsa ɗaya ne babba: samfefar da ake sayarwa falle-falle, mai milimita 230 da 280, ka yanka ta gida huɗu ka maƙala. Ko'ina za ka same ta. Yana shiga lungun durowa da kusurwar kabad, sai dai ba ya cin katako, kuma yakan bar 'yan ƙananan zobba in ƙwayar yashi ta maƙale a ƙasansa.

Na uku shi ne wanda za mu daɗe a kansa: mai faifai zagaye, milimita 125, wanda yake juyi yana kuma karkarwa a lokaci guda. Saboda motsin nan biyu, ƙwayar samfefa ba ta bin sawu ɗaya sau biyu, don haka ko ka gitta jijiyar katako ba ya barin zane mai zurfi. Wat 300 yake ci. In kuɗin inji ɗaya gare ka, wannan za ka saya. Da samfefa lamba 60, mai kaushi, yana cin katako daidai gwargwado, da lamba 180, mai laushi, yana kai shi ga banish. Nemi mai maɓallin rage gudu, domin tsohon fenti yana narkewa in gudu ya yi yawa. Kuma kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana da faifan samfefa mai rami takwas, da tafin roba na canji. Inji ba samfefarsa a garinku, ado ne kawai a kan benci. Ramukan nan ta cikinsu ƙura take bi zuwa jaka. In ka manna faifai ramukan ba su hau juna ba, ƙurar ta taru a ƙasa, samfefa ta toshe, zafi ya cinye 'yan ƙayoyin da ke jikin tafin, waɗanda suke riƙe ta.

Kuskuren da ya fi yawa da wannan injin shi ne danna shi. Nauyinsa da na hannunka sun isa. In ka danna, faifan ya daina juyi, ya koma karkarwa zalla, zobban nan su dawo. Tafi a hankali, kamar santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya. Ga dabara: zana layuka da fensir a kan katakon, in sun ɓace gaba ɗaya, ka wuce lamba ta gaba. Daga 80 zuwa 120, daga 120 zuwa 180. Tsalle daga 60 zuwa 180 ba ya share zanen 60, sai dai ya sa shi sheƙi. A share ƙurar tsakanin kowace lamba.

Yanzu mu gangara bakin ruwa, wajen masu kwale-kwale a madatsar Dadin Kowa da gaɓar kogin Gongola. Aikin jirgi daban yake. Jikinsa a lanƙwashe yake, mai bel kuwa tafinsa a miƙe, don haka yakan fafe wuri ya bar gefe-gefe. A ajiye shi don allunan da ba a riga an kafa ba. Kwalta da ake liƙe mahaɗa da ita ba a goge ta da inji ko kaɗan: zafi yana narkar da ita, ta shafe samfefa cikin ƙiftawar ido. A kankare ta da ƙarfe tukuna. A dulmiyar da kan kowace ƙusa, in ba haka ba ta yaga faifai har da tafin. Jirgi kuma sai ya sha iska a inuwa ya bushe; jiƙaƙƙen katako gashi yake tayarwa maimakon ya yi sumul. In fentin mai za a yi, a tsaya a lamba 120. In ifoksi da faiba za a liƙa, wato gam mai ƙarfi da zanen zaren gilas, a tsaya a 80, domin gam yana son wurin kamawa. Nan ne kaɗai giranda yake da gurbi: cire ruɓaɓɓen wuri, ko sassabe gefen faci, da faifai lamba 40 da hannu mai sauƙi.

Batun wuta. Tamu bolt 230 ce. Injinan da aka riga aka yi amfani da su da ake shigowa da su daga Amurka da yawansu 120 ne. Karanta farantin jikinsa, in ba haka ba jonawar farko amacha, wato naɗin wayar da ke juyi a cikin injin, ta ƙone. Ƙaramin janareta mai wat 650 zai ɗauki mai faifai, amma ba zai ja babban mai bel ba, domin lokacin tashi inji yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta. A bakin ruwa, waya kada ta kwanta a danshi, a kuma sa na'urar yanke wuta mai miliamf 30. In na hannu za ka saya, kunna shi ka leƙa ta tagogin iska: tartsatsi mai yawa alamar kabon, wato ɗan gawayin da ke kai wa amacha wuta, ya cinye ne, ƙara mai gurnani kuma boris ne.

Sai ƙura, wadda ba ma so a raina. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansar hanci. Ta loko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Tsohon fenti kuwa yana iya ɗauke da dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Hankici a hanci ba ya tare ƙurar. A sa takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, a juye jakar ƙura in ta kai rabi, a kori yaran shago daga inda iska take kaɗa ta, kuma rigar aiki a bar ta a shago kada ta shiga gida.