Daga Accra: Gaggawa Ce Ke Ɓata Ɗanɗanon Tabar Siga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau a Osu muke, a saman wani bene da aka keɓe wa masu shan taba, domin a nan Ghana dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana busa hayaƙi a bainar mutane, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kafin mu yi nisa, taba dai taba ce. Siga ma, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba zalla, tana jawo ciwon dajin baki da na maƙogwaro ko da mutum ba ya haɗiye hayaƙin, don haka wanda bai fara ba kada ya fara saboda ni. Maganata da manya ce waɗanda suka riga suka saba, suke zuba kuɗi mai yawa a kara ɗaya sannan su lalata shi cikin minti goma sha biyar.

Ku dubi wannan da ke hannuna. Robusto ce, sunan wannan girman ke nan, tsawonta inci 5, ganyen daga Estelí ta ƙasar Nikaragua. Irin wannan, idan aka bi ta a hankali, tana kai minti 45 zuwa awa guda. Abokina da ke riƙe da kyamara, ɗan Mamobi ne, ya kunna tasa tare da ni, ga ta har ta wuce rabi. Malam, miƙo ta nan su gani. Kun ga yadda tokar ta faɗi, garwashin ya yi tsini kamar bakin fensir? Alamar an matsa mata ke nan. Tawa kuwa bakin wutar a kwance yake.

Dalili yana cikin yadda ake naɗa ta. A tsakiya ana sa ganyen saman itacen taba, ligero, wanda ya fi shan rana, ya fi kauri da maiƙo, ba ya saurin ci. Kewaye da shi akwai seco mai ƙamshi da volado na ƙasan itace mai saurin kama wuta, sai ganyen ɗauri, sai na waje mai santsi. Mai naɗi ya haɗa su ne don su ci tare. Duk zuƙa ɗaya iska ce kake hura wa garwashi. In ka jera zuƙa ba hutu, na gefe su cinye su bar na tsakiya, wutar ta yi zafi fiye da kima, maiƙon da ke ba da ƙamshin koko da gahawa da itace ya ƙone maimakon ya ɗumama. Abin da zai iso bakinka ɗaci ne da yaji a harshe, ga kwalta na taruwa a wajen da leɓe yake. Kamar miya ce da ta kama a gindin tukunya: da zarar ƙauri ya shiga, ko ka rage wuta ba za ta koma yadda take ba.

Ni abin da na fi yarda da shi, zuƙa ɗaya a hankali, sai a ajiye ta kusan minti guda. Ka taɓa jikinta kusa da wuta, in yatsa bai iya jurewa ba, ka dakata. Kuma a daina kaɗe toka kowane lokaci kamar sigari. Tokar nan tana tare iska, tana sa wutar ta lafa, a bar ta ta kai kamar inci ɗaya.

Yanzu ga inda zaman Accra ya shigo, kuma nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Siga tana son danshi na kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Mu kuwa a bakin teku muke. Da damina, wajen Mayu da Yuni, iska kan jiƙe sharkaf, ganyen ya sha ruwa ya kumbura, zuƙa ta yi tauri, wuta ta riƙa mutuwa. Sai mutum ya dinga ja da ƙarfi yana sake kunnawa, ga zafin ya dawo ta bayan gida. Da hunturu kuma, Disamba zuwa Janairu, ƙurar arewa ta sauko, sigar da aka bari a aljihu ko a cikin mota ta bushe ƙayau, ta ci da gudu, ganyen waje ya tsage. Shi ya sa akwatin ajiya mai auna danshi ba ado ba ne. Wanda ba shi da shi, roba mai murfi da ke rufuwa gam da ɗan fakitin daidaita danshi sun wadatar.

Malam, taka ba ta lalace gaba ɗaya ba. Hura iska a hankali ta cikinta zuwa waje, tsohon hayaƙin ya fita, sannan ka ajiye ta minti biyu. Siririya irin lancero ta fi wannan saurin ɗaukar zafi, ita sai an ƙara haƙuri.

Idan aka kai kashi na uku na ƙarshe, dama can ƙarfi da ɗumi suna ƙaruwa, sai a ƙara tazara tsakanin zuƙa. Da ka ji ɗaci ya zauna, ajiye ta a faranti ta mutu da kanta, kada ka murje ta, murjewa ke cika wuri da wari. Bari mu sauka mu nemi trotro, motar haya, zuwa Nima kafin magariba. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.