Shocked, Appalled, Outraged: Ina Kaɗuwa Ta Tsaya, Ina Fushi Ya Fara?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau za mu duba kalmomin Turanci na kaɗuwa da na fushi. A ce an kama wani yana sayar da maganin da aka kawo a raba wa marasa lafiya kyauta. Mutum uku suka ji labarin.

Na farko ya ce, "I was shocked." Wannan kaɗuwa ce kawai, abin ya zo masa ba zato, bai ce ransa ya ɓaci ba. In har bakinsa ya mutu, ya yi tsuru-tsuru, to stunned ke nan, kuma ita tana shiga har abin farin ciki, kamar wanda aka damƙa wa mukullin mota kyauta.

Na biyu ya ce, "I was appalled." Shi kaɗuwarsa haɗe take da ƙyama. Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ne, inda take nufin fuska ta koɗe. Ya yanke hukunci cewa abin mummuna ne, amma jikinsa sanyi ya yi, bai ɗau zafi ba.

Na uku ne ya ce, "I was outraged," kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wannan fushi ne na wanda ya ga an keta haddi, an ci amana ko an zalunci mai rauni. Shi ne zai tashi ya rubuta takardar koke. Da yawa suna ɗauka out ce aka haɗa da rage, kalmar Turanci mai nufin zafin fushi. A'a, tushenta ultra ce ta Latin, wato wuce gona da iri. Saboda haka in shayinka ya huce kafin a kawo burodi, kada ka ce outraged, dariya za a yi maka. Annoyed ta ishe ka, haushi ne ɗan kaɗan. In kuwa ka cika fam, ido ya yi ja, ko ma a kan mene ne, ga furious ko livid.

Sai a kula da ƙarshen kalma. "I am annoyed" na nufin an ba ni haushi. "I am annoying" kuwa, ka kai ƙarar kanka, kai ne mai ba da haushin. Haka nan ba a cika cewa very furious ba, absolutely furious ake cewa, domin kalmar ta riga ta ƙure zafi.

Mad kuma ta danganta da bakin da ta fito. Ba'amurke ya ce maka "I'm mad", fushi yake yi. Baturen Ingila ya ce "he's mad", galibi yana nufin mutumin ya taɓu.